Ranar Da Aka Ɗauke Kaka Daga San Lázaro

Ranar Alhamis da safe Eulalia mai shara ta buɗe zauren magina tukwane na San Lázaro, ta tarar da akwatin gilashi wayam. Ta daɗe tsaye da tsintsiya a hannu kafin ihu ya zo mata.

Kaka ce babu. Haka kowa ke kiran tukunyar. Shekara arba'in da shida da suka wuce, lokacin da jirgin ƙasa ya daina tsayawa a garin, maza suka fara tsallake iyaka ɗaya bayan ɗaya, wasu 'yan mata biyu, Herlinda da ƙanwarta Amparo, suka fito da ita daga wani kogo a bayan dutse. Fara ce mai ƙaramin baki, an zana ta da ja da baƙi. Maciji mai gashin tsuntsu ya naɗe cikinta, aku biyu suna kallon juna a wuyanta. Aka ce aikin mutanen da ne, waɗanda suka gina wani tsohon birni na laka da ya rushe tun shekara ɗari bakwai. A jikinta garin ya koyi zane, kuma yau gida ɗari biyu da ita suke ci.

Kafin rana ta yi zafi, mutane sun riga sun yanke wa kansu wanda ya yi. Rigo ne, ɗan wan su Herlinda, wanda aka haifa a El Paso, can ƙetaren iyaka. Mai zanen bango ne, ya zo wata guda da ya wuce yana kwafar macijin a takarda, kuma shi ya gayyato wata malamar jami'a da za ta zo ranar Asabar ta auna shekarun tukunyar. Suka same shi yana karyawa a ƙofar masaukinsa. Da shugaban gari Don Macario ya iso, an riga an fasa masa leɓe, wani ƙaton magini mai suna Leonides ya taka masa hannun dama da takalmi.

Macario ya kulle Rigo a ɗakin ajiya na ofis, ya nufi gidan Baudelio.

Baudelio tsohon mai bin sawu ne. Shekara talatin yana nemo wa masu garke shanun da aka sace, wani lokacin ma mutanen da suka ɓata a daji. Mako bakwai ke nan da binne matarsa Amparo. Macario ya same shi zaune a gindin bishiyar tuffa, kofi ya huce a gabansa.

"Compadre, aminina, an sace Kaka."

"Na ji ihu."

"Ka ji, amma kana zaune?"

"To, me zan yi a tsaye?"

Macario ya cire hula ya share gumi. "Idan na kira 'yan sanda, yaron nan shekara goma zai yi a gidan yari. Idan ban kira ba, su Leonides za su ɓalla ƙofar. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana. Ɗan wan matarka ne fa."

Baudelio ya nemi wani abu a ransa game da wannan magana, bai samu komai ba. Ya ɗauki sandarsa saboda zaman ma ya gundure shi.

Gaban zauren ba abin karantawa, ƙafa ɗari ta tattake shi. Ya zagaya baya. A ƙarƙashin taga akwai sawun takalmi mai tambarin kanti, irin wanda ba a sayarwa a wannan gefen iyaka. Leonides da ke biye da shi ya nuna da yatsa.

"Ga shi nan! Ko makaho ya gani."

"Matsa baya, kana tare min haske."

Baudelio ya tsuguna. Sawun ya nutse wuri guda, dunduniya biyu a jere, kamar na wanda ya daɗe a tsaye. Ƙwaro ya riga ya ratsa ta kansa, iska ta rusa gefensa. Can gaba akwai tayar mota mai faɗi, da kuma siririn layin tayar baro da ya fito daga ƙofar baya ya shige titi.  Kowane gida a garin yana da baron ɗaukar yumɓu.

Ya duba ƙofar. Kwaɗon lafiyarsa ƙalau.

"Makulli nawa ne?" ya tambayi Eulalia.

"Uku. Nawa, na Don Macario, da na Doña Herlinda. Don Baudelio, na rantse da Uwar Guadalupe mai tsarki, nawa a wuyana yake kwana."

"Ban ce ke ce ba."

"Ai gara in faɗa. Garin nan yau kowa ɓarawo yake nema."

Rigo yana zaune kan buhun siminti, ya rungume hannunsa a ƙirji. Yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi.

"Kawu," ya ce, "ka gaya musu su kai ni asibiti. Da wannan hannun nake ci."

"Me ka je yi bayan taga?"

"Shekaranjiya da yamma. Rana tana shigowa ta nan ta haska wuyan tukunyar, na tsaya kusan awa biyu ina zana akun. Takardun suna ɗakina, in ba su yayyaga ba."

"Wa ya ce ka kira malamar jami'a?"

"Ba kowa. Bangon gini mai hawa huɗu aka ba ni in zana a El Paso, a unguwarmu. Yaran can ba su san daga ina suka fito ba, Kawu. A makaranta a ce musu ba 'yan ƙasar ba ne, su zo nan a ce musu Amurkawa. Na so in rubuta a ƙasan zanen cewa wannan macijin shekararsa kaza, kuma goggonnina ne suka tono shi. Shi ke nan laifina."

"Herlinda ta san malamar za ta zo?"

"Ita na fara gaya wa. Ta ce in bar tsohuwa ta huta. Na ɗauka wasa take yi."

Baudelio ya dubi hannun. Ya taɓa ganin ƙafar ɗan maraƙi haka, ya san ba za ta koma daidai ba. Ya fita ya ja ƙofar.

Tayar motar ta Crisanto ce, dillalin da ke sayen tukwane yana kai wa shagunan arewa, ƙetaren iyaka. Kowa ya san ya taɓa sayar da kayan kabari a ɓoye. Baudelio ya same shi a shagon abinci yana cin wake da barkono.

"Na san za ka zo," Crisanto ya ce da baki cike. "Duk abin da ya ɓata a garin nan, har kazar limamin coci, sai a ce Crisanto."

"Motarka ta tsaya bayan zaure jiya."

"Ta tsaya. Na ɗauki tukwane goma sha biyu na Leonides, shi da kansa ya loda. Tambaye shi, in ya gama karya hannun mutane."

"Ka taɓa taya Kaka."

"Sau uku. Herlinda ta kore ni da muciya." Ya tsame tortilla, gurasar masara, a miya. "Ka yi tunani mana, Don Baudelio. Tukunyar da hotonta ke jikin kowace takardar talla, wa zan sayar wa? Kuma in gaya maka gaskiya, ban taɓa riƙe ta ba. Ba wanda ya taɓa riƙe ta sai matan nan biyu, Allah ya jiƙan taka."

Baudelio ya duba bayan motar duk da haka. Tukwane goma sha biyu ne a cikin ciyawa, duk sababbi.

Herlinda tana zaune a tsakar gidanta tana goge wata tukunya da ɗan dutse mai santsi. Shekararta sittin da shida, kuma tun bara numfashi ke yi mata wuya. Ba ta ɗago ba.

"Ka ci abinci, mijin ƙanwata?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Tun da ta tafi ka koma kamar sandar hannunka."

"Ina makullinki, Yaya?"

Ta nuna ƙusa a jikin bango. Yana nan a rataye.

"An karya wa Rigo hannu," ya ce.

Dutsen ya tsaya. Baudelio ya ji ƙarar numfashinta kamar ana jan zare ta cikin kara. Sai dutsen ya ci gaba.

"Na ji," ta ce.

Da zai fita ya ga baronta a jingine da bango. An wanke tayar, ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinta.

Bai koma titi ba. Ya fita bayan gari ya fara zagaye shi, kamar yadda yake yi idan garke ya tattake sawun saniya guda. Ya wuce layukan baro shida, duk sun tafi miƙe, sun dawo da nauyi. Na bakwai ya same shi a bayan maƙabarta, ya nufi busasshen rafi. Wannan bai tafi miƙe ba. Yana kauce wa kowane dutse, ko ƙarami ne, kuma tayar ba ta nutse ba. Kaya marar nauyi, mai tsoron girgiza. Duk bayan taku talatin ƙafafun baron biyu sun dafa ƙasa, ƙananan sawun takalmin roba sun tsaya a bayansu. A wuri guda mai turawar ta zauna a kan dutse.

Ya riga ya sani tun daga nan. Ya ci gaba da bi don sawun bai ƙare ba.

Ya ƙare a tsohon ramin yumɓu da aka daina haƙa. A kan gangaren, tayar ta zame, baron ya kife. Akwai alamar gwiwa biyu da tafin hannu, da wurin da aka tattara wani abu da yatsu. An tona ɗan rami a gindin ƙaya, an rufe da ƙasa sabuwa. Ya tone da sandarsa. Tsohon bargo ne a naɗe, a cikinsa Kaka ce, ta fashe gida goma sha huɗu.

Ya zauna ya jera tsingaron a kan bargon. Bakin tukunyar ƙarami ne, tun da aka kawo ta ba wanda ya taɓa ganin cikinta. Yanzu ga cikin a fili. An kankare shi da wani abu mai ƙananan haƙora a jere, tazararsu ɗaya. Ya san wannan sawun. Guntun zarton yankan ƙarfe ne, irin wanda kowace maginiya a garin ke daidaita laka da shi. Su kuwa mutanen da can, ba su da zarto.

Ya juya tsingaron gindi. A tsakiyarsa, inda maginiya ke dannawa ta fara gini, akwai shaidar babban yatsa, wani tabo ya raba ta biyu kamar reshe. Wayar shinge ce ta tsaga wa Amparo wannan yatsan tana 'yar shekara tara. Shaidar tana cikin kowane kwano da ke gidansa. Shekara arba'in da ɗaya yana cin abinci a kanta.

Ya jira ko wani abu zai taso masa, fushi ko kuka. Sai dai ya lura tururuwa na hawa takalminsa, kuma rana ta karkata. Ya sa wannan tsingaron a aljihu, ya naɗe sauran.

Macario ya tara su a zauren kafin rana ta faɗi. Eulalia, Crisanto, Leonides, Rigo da aka ɗaure wa hannu da ƙyalle, da Herlinda a kan kujera kusa da akwatin da ba kowa. Sauran gari suka cika tagogi.

Baudelio ya shimfiɗa bargon a kan tebur. Wata mata a taga ta yi salati irin nasu, ta zana gicciye a ƙirji.

"Ya fasa ta!" Leonides ya yi kan Rigo. Macario ya tare shi.

"Sawun Rigo na shekaranjiya ne," Baudelio ya ce. Muryarsa ba hawa ba sauka, kamar mai lissafa shanu. "Tsaye ya yi, bai shiga ba. Motar Crisanto kayanka ta ɗauka, Leonides. Ba a ɓalla kwaɗo ba. Da asuba aka fitar da ita a baro ta ƙofar baya. Mai turawar ƙaramar ƙafa gare ta, kuma ba ta iya taku talatin ba ta huta ba. Ba ta yi niyyar fasawa ba, ɓoyewa za ta yi. Gangare ne ya kayar da ita."

Ba wanda ya dubi Herlinda, don kowa ya san ita ce.

"Yaya, nuna musu gwiwarki, ko in ci gaba?"

"Ba sai na nuna ba," ta ce.

"Doña Herlinda," Macario ya ce a hankali, "ke da kika samo ta? Don me?"

Baudelio ya ɗauki tsingaro guda ya miƙa wa Leonides. "Kai magini ne. Karanta."

Leonides ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya shafa da yatsa. Bakinsa ya buɗe. Ya miƙa wa na kusa da shi, tsingaron ya bi hannu hannu har taga.

"Ba mu samo ta ba," Herlinda ta ce. "Mu muka gina ta. Ni na tankaɗe yumɓu, Amparo ta gina, ta zana da burushin da ta yi da gashin kanta. Muka gasa ta da kashin shanu, muka binne ta wata biyar." Ta tsaya ta ja numfashi. "Tun muna yara muke tsintar tsingaro a tuddai idan mun je kiwon awaki. Nan kan maciji, can fiffike, can idon aku. Buhu biyu muka tara. Shekara uku muna gwadawa har muka gane yadda suka yi. Muka nuna wa mutane, har da ubanka, Leonides. Ya ce 'yan mata su je su daka masara. Wani ma ya zuba wa kaji ruwa a cikin tukunyarmu ta farko. Sai Amparo ta ce, in ba za su koya a hannun masu rai ba, za su koya a hannun matattu. Kuma suka koya."

Crisanto ya saki wata gajeriyar dariya. "Sau uku ina tayawa."

Ba wanda ya taya shi.

"Da malamar nan ta zo," Herlinda ta ce, "da rana ɗaya ta isa. A rubuta a jarida cewa San Lázaro ƙarya ce, masu saye su daina zuwa, a kira ƙanwata maƙaryaciya ƙasar kabarinta ba ta ko kwanta ba. Na ce in ɓoye ta mako guda, malamar ta zo ta koma."

"Goggo," Rigo ya ce. Ita ce maganarsa ta farko. "Gidanki yana kallon masaukina. Kina ji lokacin da suke dukana?"

"Ina ji."

"Kina ji."

"Na tashi zan fito. Na kai ƙofa." Ta dubi hannayenta. "Sai na koma na zauna."

 Leonides ya ajiye hularsa a kan tebur, ya sake ɗauka, bai san inda zai sa ta ba.

"Macijin fa?" Rigo ya ce. "Shi ma ƙarya ne?"

"Kowane layi nasu ne. Buhunan suna ƙarƙashin gadona, je ka duba. Mu dai haɗawa muka yi."

Macario bai kira 'yan sanda ba, don ba a san me za a ce musu an sace ba. Baudelio ne ya ari motar Crisanto ya kai Rigo asibitin babban gari. Bayan tafiyar awa guda, da fitilun garin suka bayyana, Rigo ya ce, "Kawu, kai ka sani?"

"A'a."

"Shekara arba'in ba ta gaya maka ba?"

"Ba ta gaya min ba."

Yatsu biyun ba su sake lanƙwasawa ba. Rigo ya koma El Paso bai yi wa kowa sallama ba, aikin bangon aka ba wani. Leonides ya sayar da tanderunsa na gasa tukwane ya aika da kuɗin magani, aka dawo masa da su. Malamar jami'a ta zo ranar Asabar kamar yadda aka shirya. Ta ɗan duba fasasshiyar tukunyar, sannan ta yi kwana uku a tsakar gidan Herlinda tana jera tsingaron buhunan nan biyu, waɗanda ta ce su na gaske ne. Wasu dillalai suka daina zuwa, wasu suka ci gaba. Garin bai daina gini ba, don ba shi da wata sana'ar. Amma mutane suka daina tsayawa a ƙofar Herlinda, ita ma ta daina fita sai coci.

Bayan wata biyu ta zo gidan Baudelio da kwando, ta huta sau huɗu a hanya. Ta ajiye shi a kan teburin gindin tuffa. Kaka ce a ciki, an liƙe ta da gam, layukan fashewar duk sun fito.

"Ba wanda ke son ta a zaure," ta ce. "Ni kuma ba na iya barci da ita a ɗaki."

Ya ɗaga tukunyar. Haske ya shigo ta gindinta.

"Goma sha uku na samu a bargon," ta ce. "Na ƙirga sau da yawa."

"Ɗayan yana wurina."

Ta dube shi, ba ta tambayi wanne ba.

"Kana fushi da ita?"

"Ban sani ba, Yaya. Ina ta jira in gani."

Ta gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya ɗora ruwa a wuta, ya fito da kujera ta biyu. Suka zauna, tukunyar a tsakaninsu, har ruwan ya tafasa.